Minti Arba'in da Bakwai na Kofur Biro

Kofur Biro ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin ɗan sanda, bai taɓa harba bindiga ba, bai kuma taɓa kama ɓarawo da hannunsa ba. Shi da bakinsa yake faɗa, ba sai an tambaye shi ba. Ya ce sau ɗaya tak ya taɓa bin mutum da gudu, ashe bawan Allah motar haya yake ƙoƙarin tarewa. Suka isa tasha tare suna haki, mutumin ya ga kaki ya matsa masa ya fara shiga. Kofur kuwa ya shiga ɗin, don kunya ba ta bar shi ya yi bayani ba, ya je ya sauka a unguwar da ba shi da kowa.

Abin da Allah ya hore masa rubutu ne. A ofishinsu akwai wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ake kira littafin aiki, inda ake shigar da duk abin da ya faru da lokacin da ya faru. Wasu sai an kusa tashi suke zama su cike shi da abin da suka tuna, da wanda suka ga dama. Ban da Kofur. Kullum da safe sai ya saita agogonsa da rediyo, ya jera biro uku a aljihu, shuɗi da baƙi da ja. In abu ya faru ƙarfe tara da minti uku, ko hannunsa za a yanke ba zai rubuta tara da biyar ba. Daga nan sunan ya bi shi, har nasa na gaskiya ya ɓace. Igiya biyu ya samu a hannun riga, a kansu ya tsufa, a kansu ya yi ritaya.

Matarsa takan ce ita ba miji ta aura ba, agogon bango ta aura, sai dai wannan yana cin abinci. Shi kuma ba ya musu. Tun da gwiwa ta fara damunsa ya tare a kujerar da ke jikin tagar falo, ƙafa ɗaya a kan 'yar kujerar roba, yana kallon titi yana danna kan biro, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, har sai ta leƙo daga kicin ta ce don girman Allah ya tausaya wa kunnenta. In aka ɗauke wuta sai ya duba agogo. In aka kawo ya sake dubawa, ya sanar da gidan tsawon lokacin da aka yi, ba tare da kowa ya nemi sani ba.

Autarsu ce, wadda take aiki a kantin magani, ta ga zaman ya yi masa yawa. Wata Asabar da rana ta zo da kwamfutarta, ta haɗa da talabijin, ta ce ta kawo wa Baba fim ɗin 'yan sanda, an ma juya maganar zuwa Hausa, ya kalli 'yan uwansa ko ya ɗan warware. Kofur ya tsuke fuska ya ce shi ba yaro ba ne. Amma ya gyara zama, ya sa tabarau.

Fim ne na wani birni mai datti, kullum ruwan sama, lunguna duk kwata da tsofaffin tayoyi. 'Yan sanda biyu aka haɗa a mota ɗaya, ba sa ga maciji da juna: ɗaya matashi ne mai tabo a gira, wanda bai san ƙofa ba sai taga, ɗayan kuma dattijo mai tumbi da ya rage masa wata shida ya ajiye aiki, ba abin da yake roƙo sai ya kai ranar da ransa. Duka, harbi, zagi, ga kuma ban dariya a tsakiyar jini. Ba a yi minti ashirin ba Kofur ya fara huci. Motoci goma sha huɗu ya ƙirga an ragargaza, da shagon mai gyaran talabijin, da rumfar wata mai sayar da lemo. Ya ce shi tambayarsa ɗaya ce: wa zai rubuta wannan? Harsashi ɗaya in ya fita, takarda uku ce, da sa hannun mutum biyu. Waɗannan abin da suka harba kafin su karya kumallo, sai a yi shekara ana rubutu ba a gama ba. Auta ta ce Baba don Allah ya bari a ji.

Matashin bai burge shi ba, ko kuma haka ya ce. Wai ya cika kyau, haƙoransa sun cika fari, kuma bai iya tsayuwa ba. Mutumin da ya taɓa yin awa takwas a bakin ƙofa ba ya tsayawa a kan ƙafa biyu kamar za a ɗauke shi hoto. Ɗaya yake hutarwa, ɗaya tana aiki. Gudu kam ya iya, tsalle ma ya iya, harara ma ya iya. Kofur dai yana kushe shi yana washe baki, don a can cikin ransa, inda ba mai gani, ya riga ya saka kansa a cikin rigar yaron. Shi ne yake dirowa daga saman bene, da gwiwar da ba ta iya hawa matakala uku.

Mai tumbin kuwa, nan Kofur ya sallama. Ya ce wannan ko dai ya taɓa aikin, ko ubansa ya yi. Dubi yadda yake sassauta bel kafin ya zauna a mota. Dubi yadda yake zare takalmi a ƙarƙashin tebur da yatsan ɗaya ƙafar, fuskarsa kuma tana sauraron oga kamar ba abin da ke faruwa a ƙasa. Ya ci burodi a kan fayil, ya hure ɓurɓushin, ya shafe da gefen hannu. Da tsoro ya kama shi ma bai yi ihu ba, hannunsa ne kawai ya kasa samun mariƙin ƙofar mota, yana ta lalube yana murmushin yaƙe. Kofur ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Matarsa da ke tsaye da tsumma a hannu ta dubi talabijin, ta dube shi.

"Malam, ai ga ka nan. Har tumbin."

Ya so ya ji haushi, amma gaskiya ta yi yawa a maganar. Ya shafa cikinsa ya ce ai shi nasa bai kai haka ba.

Can wajen ƙarshe dariyar ta yanke masa. Matashin ya bar inda aka ajiye su gadi, ya tafi ceto ƙanwarsa, oga kuma ya sa mai tumbi ya rubuta rahoton abin da ya faru kafin ya dawo. Wurin ba magana, ba kiɗa. Dattijon ya zauna shi kaɗai, ya rubuta gaskiya tsaf, da lokaci da komai. Ya karanta. Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya yage ta, ya dunƙule, ya duba kwandon shara ya ga ba ta ɓuya a nan ba, ya tura ta a baki, ya kora da shayi mai sanyi, idanunsa sun yi ja yana haɗiya da ƙyar. Auta ta kwashe da dariya har da buga cinya. Da ta juya ta ga fuskar babanta sai ta haɗiye sauran. Matarsa ta koma kicin, don ita ta san inda abin ya taɓa.

Kofur ma ya taɓa yin abokin mota. Ba-Birki ake ce masa, direban motar sintiri, dogo, baƙi, mai dariya kamar ana sauke duwatsu daga tifa. Shekara tara suka yi tare, shi yana tuƙi, Kofur yana gefe da littafin motar a cinya yana salati. Ba abin da suka haɗa a hali. Ba-Birki yakan shiga tsakiyar faɗa hannu sake ya fito da mutum biyu a hammata, Kofur kuma yana bayansa yana tambayar sunayen shaidu. Amma kofi ɗaya suke shan shayi. Ranar da mahaifiyar Kofur ta rasu, Ba-Birki ne ya yi kwana uku a ƙofar gidan yana karɓar baƙi, har wasu suka ɗauka shi ne ɗan.

Shekara goma sha tara ke nan da aka ajiye su gadin wani ɗakin ajiyar siminti. Rana tsaka wani maƙwabcin Ba-Birki ya zo a kan keke, gumi sharkaf, ya ce matarsa tana naƙuda, abin ya zo da gardama, an rasa mota. Ba-Birki bai tsaya neman izini ba, ya faɗa motar gwamnati ya yi gaba. Bai ma ce wa Kofur ya rufa masa asiri ba. A tunaninsa wannan ba abin faɗa ba ne. Kofur ya duba agogo. Ya rubuta: sha biyu da minti takwas, direba ya bar wurin aiki da mota ba da izini ba. Da ya dawo ya rubuta: sha biyu da minti hamsin da biyar, direba ya dawo. Minti arba'in da bakwai, kuma a cikinsu ko akuya ba ta gifta ta ƙofar ba. Daga baya da yamma aka aiko cewa an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Kofur ya rungume abokinsa yana masa barka, littafin yana maƙale a hammatarsa.

Ƙarshen mako wani sabon sufeto mai neman suna ya karanta littafin. Dama Ba-Birki yana da gargaɗi biyu a kan motocin da ya gogar wa bango, wannan ya zama na uku. Ranar zaman bincike aka ce Kofur ya tashi ya karanta abin da ya rubuta. Ya karanta, da murya tar, har da waƙafi. Ba-Birki kallonsa kawai ya yi, ya cire hula da bel ya ajiye a tebur ya fita. Daga ranar ba su sake magana ba. Kofur ya nemi a mayar da shi kanta, teburin karɓar ƙara a ofis, a nan ya ƙare aikinsa.

Shekaru ya yi yana kare kansa a gaban kansa, yana cewa gaskiya ai gaskiya ce, shi bai ƙara ba bai rage ba. Wani lokaci kuma ya ce hannunsa ne ya rubuta, shi yana kallo. Ya san gidan Ba-Birki sarai, mota ɗaya ce daga bakin titinsu. Amma in hanya ta bi da shi ta wajen sai ya zagaya ta kasuwa, ya ce wa kansa yana son ya duba farashin fitila. A gaskiya kewarsa yake yi, kewa mai ciwo, kuma tsoro yake ji. Mutumin da bai taɓa fuskantar ɓarawo ba, ina zai iya da idon aboki?

Bayan fim ɗin kwana uku ya yi ba ya cin abincin kirki. Ya sa auta ta kunna masa kwamfutar ta bar masa, ya sake kallo shi kaɗai har sau biyu, yana zagin mai tumbi a ransa: kai da ka fi ni tsoro, ina ka samo wannan? A rana ta huɗu matarsa ta ajiye masa shayi, ta tsaya a kansa. Ta ce sau ɗaya ta taɓa yi masa maganar nan, shekara goma sha tara da suka wuce, ya ce mata ba ta san aiki ba, ta yi shiru. Yau za ta yi ta biyu, ba kuma za ta yi ta uku ba: ya tashi ya je tun su biyun suna numfashi.

Sai Kofur ya ƙulla dabara, irin ta matsorata, shi ma ya san haka. Ba zai iya zuwa ya buɗe baki ya ce a yafe masa ba. Amma in ya je da fim, su zauna su kalla kamar maza, su yi dariya, in aka zo wurin takardar ai ba sai ya ce komai ba. Mai tumbi zai yi masa magana. Ya sa auta ta koya masa kunna kwamfutar, ya rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda, guda shida, na ƙarshen da jan biro. Ya goge riga da kansa har ya ƙona gefen aljihu. Washegari da hantsi ya rataya jaka ya fita yana ɗingishi, yana jin kansa kamar wanda zai kai samame.

Gidan yana bayan wani garejin makanikai, sai ka tsallake baƙin mai da gawar wata tsohuwar bas kafin ka kai ƙofar. Wata budurwa ce ta buɗe, doguwa, da goshin ubanta sak. Kofur ya dube ta, maimakon ya amsa gaisuwarta sai bakinsa ya suɓuce ya ce shekararta goma sha tara da wata huɗu. Yarinyar ta ja da baya kaɗan, ta dubi jakar, ta dube shi, da alama tana auna ko mai lafiya ne. Ya ce shi tsohon abokin aikin babanta ne. Ta ce ya shigo, Baba yana baranda.

Yana zaune a kujerar roba, rediyo a cinya. Ya rame, gashin ya yi fari fat, amma kafaɗun suna nan. Fuskarsa tana kallon ƙofa, ido a buɗe. Kofur ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ta ba, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a iska. Ya daɗe a nan, har yarinyar ta matso ta raɗa masa cewa ciwon suga ya tafi da idon Baba, shekara huɗu ke nan.

Kofur ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara talatin da ɗaya yana taƙama ba abin da ke wuce shi, ga shi ya yi kwalliya, ya hau mota, ya kawo wa makaho fim. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi aljihu ba. Ƙas-ƙas, ƙas-ƙas.

Ba-Birki ya kashe rediyon.

"Wannan ƙarar na san ta," in ji shi. "Biro, kai ne?"

"Ni ne."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya kawo ka?"

Kofur ya nemi ƙarya ya rasa, dama bai taɓa ajiye ko ɗaya ba. Ya ce fim ya kawo su kalla. Ana jin makanikai suna dukan ƙarfe a waje. Sai Ba-Birki ya fashe da dariyar nan tasa ta duwatsu, amma ba daɗi a cikinta. Ya ce shekara goma sha tara mutum yana shawara, abin da ya yanke ke nan? Ya share ido da bayan hannu, ya ce wa 'yarsa ta kawo wa baƙo kujera.

"Kunna. Kai za ka zama idona. Na san dai ba za ka ƙara ba, ba za ka rage ba."

Maganar ta shige shi har ƙashi, amma ya zaro takardarsa ya bi matakai shida, fim ya tashi. Ya fara bayani kamar yana karanta rahoto a gaban oga: mutum biyu sun fito daga gini, ɗaya sanye da baƙar riga, ɗaya riƙe da burodi. Mota ta doki rumfa, lemo ya watse, ba a ga wanda ya ji rauni ba. Ba-Birki ya ce shi dai Allah ya isa, an ba shi ido mai sanyin murya kamar sanarwar asibiti.

Amma kaɗan-kaɗan abin ya kama shi. Shi da kunne yake kallo. Ya ce motar da ake cewa ta 'yan sanda ce ƙarya ne, wannan injin bai taɓa kwana da yunwar mai ba. Ya ce matashin yana canja giya kamar yana jin tausayinta, kuma muryarsa ta wanda bai taɓa jiran albashi ba ce. Sai dai in ya yi shiru kafin ya kai duka, nan kam akwai wuta. Mai tumbin kuwa numfashinsa kawai ya ji ya ce wannan namu ne, haka wani yake huci a gefena in na sha kwana. Da Kofur ya ba shi labarin hannun da ya kasa samun mariƙin ƙofa, su biyun suka tuntsire da dariya a lokaci ɗaya, suka kuma yi shiru a lokaci ɗaya, kowa ya tuna ba a shirya ba. Yarinyar ta kawo shayi kofi biyu, ta ajiye, ta tsaya jim tana kallon babanta kafin ta koma ciki.

Kofur ya san inda wurin takardar yake, awa ɗaya da minti ashirin da biyu. Tun da aka ci awa ɗaya gumi ya fara tsattsafo masa. Dabararsa ta juye masa: mai tumbin da zai yi magana a madadinsa ba ya cewa komai a wurin, ga wanda aka kawo wa ba ya gani. Ya saci kallon takardar matakai ko akwai yadda ake tsallakewa. Babu. Bai tambayi auta ba.

A fim ɗin, oga ya ba da umarni ya fita, ƙofa ta rufe. Kwamfutar ta yi tsit.

"Wuta aka ɗauke?"

"A'a."

"To me yake yi?"

Kofur yana iya cewa shayi yake sha. Ba ma ƙarya ba ce, ga kofin nan a hannun mai tumbin. Ya buɗe baki da niyyar faɗin haka, wallahi da niyyar haka ya buɗe shi. Amma halin da ya kashe masa abota bai tashi sakinsa yau ba.

"Ya rubuta cewa abokinsa ya bar wurin aiki. Ya sa lokaci. Yana karantawa. Ya yage takardar. Ya dunƙule ta. Ya cinye."

"Ya cinye?"

"Ya kora da shayi."

Ba-Birki bai yi dariya ba. Fim ya ci gaba, aka koma harbe-harbe, ba wanda ya kula. Kofur ya lalubi wani maɓalli ya danna, Allah ya taimake shi sautin ya mutu.

"Ni ban yage ba," ya ce.

"Na sani. Ina wurin."

"Ko akuya ba ta wuce ba ranar. Da na bar layin nan fari, ba wanda zai sani har abada. Na cuce ka, na kuma san na cuce ka tun kafin tawadar ta bushe. Tsoro ne ya hana ni zuwa."

Ba-Birki ya daɗe yana juya rediyon a cinyarsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. Ya ce bayan an kore shi shekara goma sha uku ya yi yana jan babbar mota, kuma a duk doguwar hanya abin da yake yi ke nan, yana shirya zagin da zai yi wa Biro. Ya gyara shi, ya goge shi, ya cire wani ya sa wani, har ya zama ba na biyunsa. Ba a waya yake so ya faɗa ba, ba ta bakin wani ba. So yake ya faɗa yana kallon fuskarsa, ya ga inda zai sauka.

"Sai ka bari ido ya tafi sannan ka zo. Ko a nan ma ka cuce ni."

Kofur ya ce ya faɗa hakanan, zai ɗauka.

"Matso."

Ya jawo kujera. Ba-Birki ya miƙo hannu yana lalube, ya doki tabarau ya karkace, ya hau kan sanƙo ya shafa, ya ce ashe gashin ma ya gudu ya bar shi. Tafin hannun kaushi gare shi kamar bayan taya. Ya gangaro ta goshi, ya sauka a kumatu, ya same su jiƙe sharkaf da hawaye. A nan ya tsaya. Kofur bai kauce ba, bai kuma iya tsayar da abin ba, sai zuba yake yi a tsakanin yatsun mutumin, kafaɗunsa suna rawa, tsoho da shi, a gidan mutane, da rana tsaka.

Zagin bai fito ba. Ba-Birki ya janye hannunsa a hankali.

"Ban ce na yafe ba."

"Na ji."

Ya goge tafin a gwiwarsa, ya juya kai wajen ƙofar ciki, ya ɗaga murya ya ce wa 'yarsa ta ƙara shinkafa a tukunya, baƙon nan ba yanzu zai tafi ba.